Ƙugiyar Baba a Ruwan Gishiri

Aikin farko da na samu a Ingila aikin kifi ne, kuma har yau idan na tuna irin murnar da na yi ranar da aka gaya mini sai in ji haushin kaina. Wani ɗan ƙasarmu ne a Manchester, mai haɗa sababbin zuwa da aiki, ya dube ni ya ce, "Ai kai ka dace, Malam Salihu. An ce kai ɗan masunta ne. Akwai wani fish company da ke neman irinka." Na koma gida na gaya wa matata Hadiza cewa Allah ya mai da ni kan sana'ar ubana. Washegari da na je aka ba ni farar riga da takalmin roba da wuƙa, aka tura ni wani ɗakin sanyi da babu taga ko ɗaya a jikinsa. Kifi yana zuwa a kan bel, a daskare kamar itace, mu yanke kai mu tura gaba. Wata goma sha ɗaya na yi a ɗakin nan ban ga kifin da ke motsi ba.

Mu Sarkawa ne na Yawuri. A cikin jirgi na yi rarrafe, kuma kafin a sa ni makarantar boko na iya riƙe filafili. Na yi karatu har na samu difloma a fannin kifi, amma abin da na sani game da ruwa a wurin Baba na koye shi. Ya kai ni yawon su har Lokoja da bakin Binuwai, kuma duk inda muka sauka, ko yunwa na cin mu, ba ya jiƙa taru sai ya nemi sarkin ruwan wurin, ya durƙusa ya miƙa goro, ya tambayi halin ruwan. Ina yaro abin yana ba ni haushi, don sau da yawa Baba ya fi sarkin ruwan sanin sana'ar. Idan na yi ƙorafi sai ya ce mini in yi shiru, mutumin ya kwana da ruwan nan shekara da shekaru, mu kuwa jiya muka zo.

Abu ɗaya ya ba ni na taho da shi, wata ƙugiya baƙa da wani maƙerin garinmu ya ƙera masa tun ba a haife ni ba. Da ita ya kama giwan ruwan da har yanzu ake ba da labarinsa a unguwarmu. Ya ce ya shiga kowane irin ruwa a rayuwarsa ban da ruwan gishiri, yana so ƙugiyar ta shiga a madadinsa, in gaya masa abin da ke ciki. Na ce masa wannan ai abin mako ɗaya ne, tun da an ce Ingila tsibiri ce.

A Manchester ruwan da na samu shi ne wasu magudanai da suka ratsa bayan tsofaffin masana'antu, ruwa baƙi da ba ya tafiya ko'ina. Ranar Lahadi nakan je in tsaya a kan gada in kalli tsofaffin Turawa suna zaune da fatsa. Ranar farko da na ga wani ya kama kifi mai girman damtsena, ya ɗauke shi hoto, ya mai da shi ruwa, saura kaɗan in sauka in tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Daga baya na fahimci haka tsarinsu yake. Ban taɓa tunanin jefa ƙugiyar Baba a wannan ruwan ba. Tana cikin wata 'yar robar magani a ƙasan akwatina, kuma duk lokacin da ya tambaye ni a waya sai in ce ana sanyi, sai bazara.

Da Hadiza ta gama digirinta na biyu, ta samu gurbin yin na uku a Birmingham, wajen Aston. Ni dai biye nake da ita, takarduna a jikin nata suke. Muka tattara muka koma Sparkbrook, ɗaki ɗaya da falo a saman wani shagon atamfa a Stratford Road, inda bas ke girgiza mana taga tun asuba. Ranar da muka tare na buɗe taswira a waya don in ga inda teku yake, na duba gabas, na duba yamma, na ga ashe mun zo tsakiyar ƙasar ne. Na samu aiki a gidan kula da tsofaffi. Ina yi wa iyayen wasu wanka, ina yanke musu farce, ina ba su abinci a baki. Ban raina aikin ba, amma akwai ranakun da nake shafa wa wani tsoho mai a ƙafa sai hawaye ya zo mini, don na san ƙafar da ya kamata a ce ina shafawa.

Ƙafar Baba ta fara kumbura a shekararmu ta biyu a Birmingham. Idonsa kuma dama ya riga ya yi yana. Ƙanwata Balaraba, wadda ke jinyarsa, ta kira ni ina cikin bas ta ce, "Yaya, in da hali ka zo. Ba na son yadda yake yin shiru." A lokacin mun riga mun shigar da takardun sabunta bizarmu, ana dubawa. Na je wurin Likita Kabiru, wani Bakano da ke zaune a Ladywood, wanda ya daɗe a ƙasar har shi muke tambaya komai. Ya saurare ni ya girgiza kai.

"Salihu, idan ka fita ƙasar nan application ɗinka yana pending, shi ke nan an ɗauka ka janye shi. Ka fita dai, amma dawowa wurin Hadiza da Amira sai abin da Allah ya yi."

"To yaushe za su amsa?"

"Ba wanda ya sani. Kana iya jira sati uku, kana iya jira wata takwas."

Na fito daga gidansa na yi ta tafiya a ƙafa har Sparkbrook. Ubana yana can yana ƙarewa, 'yata Amira mai shekara huɗu tana nan, ni kuma ina tsakiya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Kullum da safe in duba saƙo kafin in yi brush, kullum babu komai.

A cikin wannan halin ne na yi abin da nake jin kunyarsa. Baba ya daina tambayar yaushe zan zo, don Balaraba ta yi masa bayani, amma bai daina tambayar ƙugiya ba. Wata Asabar na shiga kasuwar kifi, na sayi wani ƙaton kifin teku, na kai gida na bar shi ya saki, na wanke shi, na maƙala masa ƙugiyar a baki, na ɗauki hoto a kan ciyawar wani filin wasa na aika. Da yamma Balaraba ta kira tana ƙoƙarin danne dariya. Ta ce da ta gaya wa Baba hoto ya zo, bai tambayi girman kifin ba, sai ya ce ta duba masa idonsa. Ta ce masa idon ya faɗa ciki, ya yi fari-fari.

"To me ya ce?"

"Ya ce in gaishe ka, in gaya maka kifin nan ya fi ka daɗewa a Ingila."

Na yi dariya a waya, amma da na ajiye sai na shiga banɗaki na rufe ƙofa. Tsoho yana kwance ba ya gani, abu ɗaya ya roƙe ni a duniya, ni kuma na aika masa ƙarya. Ranar na yi wa kaina alkawarin zan shiga teku ko ta halin ƙaƙa, tun yana da kunnen jin labari.

A lokacin hutun cin abinci a wurin aiki na fara kallon yadda Turawa ke kamun kifi a teku da wani ɗan kwalekwalen roba da suke kira kayak. Mutum ɗaya yake ɗauka, a samansa ake zama, filafilinsa kuma baki biyu gare shi. Na ce a raina wannan ai wasan yara ne ga wanda ya tuƙa jirgin katako cike da taru a tsakiyar Kwara. Na samu wani yana sayar da tsoho a bayan gari, Likita ya kai ni da motarsa muka ɗauko. Mutumin ya yi ta rantsuwa sau biyu kawai aka shiga da shi ruwa. Sai da muka kai gida na kifa shi na ga doguwar tsaga a ƙasansa, an cusa gam an shafe da fenti. Na kira lambarsa har na gaji, bai ɗauka ba.

Da ƙyar muka hau da shi bene. Ya fi falon tsawo, don haka a lungun da ke tsakanin ƙofa da kicin ya zauna, a jingine da bango. Hadiza ta dawo daga makaranta ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"Baban Amira, wannan jirgin a ina zai kwana?"

"Nan inda kika gan shi."

"Mu kuma mu bi ta ina? Idan landlord ya zo inspection fa?"

"Sai ki ce masa gado ne."

Ba ta yi dariya ba, amma ba ta ce in fitar da shi ba. Sati biyar muna bin lungun nan a karkace. Na yanka tsohon bokitin roba, na ɗora wuƙa a kan wuta, na narka robar a cikin tsagar kaɗan-kaɗan, yadda muke toshe jirgi a gida. Hayaƙin ya tayar da ƙararrawar gobara sau biyu, matar mai shagon ƙasa ta hau ta yi mini wankin babban bargo. Na sayi sandar fatsa da rigar hana nutsewa, ita ma rigar don Hadiza ta ce ba zan fita ƙofar nan ba sai da ita.

Wata Asabar cikin bazara Likita ya yarda ya kai ni bakin teku a Wales, tafiyar kusan awa uku. Ya fito daga aikin dare ne, yana tuƙi yana mita. "Ni fa Salihu ruwan da ya wuce kofi ba na son sa. Zan kai ka, in yi parking, in yi barcina." Na ce masa dama wa ya taɓa ganin Bakano a jirgi. Da muka sauko daga kan wani tudu sai na hango tekun, shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Shekara uku ke nan ban ga ruwa mai rai ba.

Wurin bakin wani kogi ne inda yake shiga teku, ga faffaɗan yashi ko'ina, ga tsibirai na rairayi a tsakiya, sak wajen garinmu da rani. Muna sauke jirgin sai ga wata tsohuwa ta nufo mu, gajeriya, gashinta fari fat, da wani kare a bayanta. Ta ce sunanta Gwen, ita ke kula da ƙungiyar masu kayak na wurin. Ta dubi jirgina, ta shafa inda na toshe, ta ce aikin ya yi kyau. Sannan ta fara tambayoyi da Turancinta mai sauri. Wannan ce shigata ta farko? Da wa zan shiga? Na duba lokacin ruwa? Ina wayata za ta zauna? Ta ciro wani ɗan littafi mai cike da lambobi ta miƙo mini, tana cewa ruwa ya kusa gama janyewa, nan da awa ɗaya da rabi zai juyo, kuma cikar yau babba ce.

Ni kuwa raina ya riga ya ɓaci. Shekara uku ana koya mini komai a ƙasar nan, yadda ake hawa bas, yadda ake ware shara, yadda ake ɗaga tsoho daga kujera. Abu ɗaya da na sani a duniya, shi ma wata tsohuwa mai kare za ta koya mini. Na ce mata na gode, amma ni a cikin jirgi aka haife ni, ubana da kakana duk masu ruwa ne. Ta ce, "A wane ruwa?" Na ce babban kogi, wanda ya ninka wannan sau goma. Ta dube ni kawai, ta mai da littafinta aljihu, ta ce in yi ƙoƙari kada in cire rigar. Na san a littafin makaranta cewa teku yana cika yana janyewa. Na ɗauka abu ne kamar taku biyu ko uku a bakin gaɓa.

Minti goman farko na sha kunya. Jirgin ba shi da nauyi, da na motsa sai ya motsa, filafilin kuma hannuna ya ƙi yarda da shi, ina ta tuƙi ta gefe ɗaya ina zagaye a wuri guda. Da na gane kansa sai ya miƙe. Na ɗaura ƙugiyar Baba a fatsa, na sa mata yankan kifi, na yi bismilla na sake ta. Ta nutse a ruwan gishiri ina kallo. Na zauna kusan awa ɗaya ba abin da ya taɓa, amma ban damu ba, don ƙirjina ya buɗe yadda bai taɓa buɗewa ba tun zuwana.

Da azahar ta yi na yi abin da kowane Basarke zai yi. Na nufi wani tsibirin yashi, na ja hancin jirgin ya hau tudu kamar kamu biyu, na jingina fatsar a ciki. A gida haka muke yi, kuma tsibirin da ka yi salla a kansa yau yana nan har damina, ruwa ba ya hawa ɗani ɗaya a mako. Na cire rigar hana nutsewa don in ji daɗin alwala, na ajiye ta a jirgi tare da waya. Na taka zuwa tsakiyar tsibirin inda yashi ya bushe, na fuskanci alƙibla, jirgin yana bayana. Bayan na sallame na daɗe ina yi wa Baba addu'a. Sannan na miƙe ƙafa na kwanta rigingine, rana tana dukan fuskata, na rufe ido ina jin kamar a Yawuri nake.

Sanyi a dunduniyata ne ya tashe ni. Na zauna na waiga, babu jirgi. Na hango shi can nesa, ja, yana tafiya shi kaɗai, kuma abin da ya fi ruɗa ni shi ne sama yake yi, wajen da kogin ya fito. Ruwan da na bari yana gangarawa teku yanzu ya juyo yana gudu zuwa tudu. A rayuwata ban taɓa ganin kogi ya koma inda ya fito ba.

Na iya iyo, na sha ƙetare Kwara don wasa. Na tuɓe riga na shiga, amma ruwan na kai mini ƙirji sanyinsa ya ƙwace mini numfashi, hannuwana suka yi nauyi, igiyar ruwan kuma ta fara jana gefe. Da rarrafe na dawo kan yashi ina haki. Na yi ihu, na kaɗa rigata, iska ta kwashe muryar. Can a gaɓa ina hango motar Likita kamar ƙwayar wake, shi yana ciki yana barci. Tsibirin da ya kai filin ƙwallo da na sauka ya koma kamar tsakar gida, ya koma kamar falonmu na Sparkbrook, har na tsaya a wurin da bai fi lungun da jirgin ya kwana ba. Daga nan ruwa ya rufe shi, ya hau idon sawuna, ya kama gwiwa. Na ji tsoro ƙwarai. Amma abin da ya fi tsoron ciwo shi ne tunanin Balaraba za ta durƙusa kusa da kunnen Baba ta gaya masa ɗansa, Basarke, ruwa ya ci shi yana tsaye a kan ƙafarsa, kuma saƙon ƙarshe da ya samu daga gare ni ƙarya ce.

Ruwa ya kai mini cinya lokacin da na ji ana busa usur. Gwen ce a cikin nata kayak ɗin, ta ɗauro nawa a baya da igiya. Ashe tun da na sauka a tsibirin take kallona da madubin hangen nesa, da ta ga na kwanta sai ta shiga ruwa. Ta jefo mini rigar ta ce, "Sa wannan tukuna. Hau a hankali, ciki da farko. Magana sai mun fita." Na yi duk abin da ta ce kamar ɗan aji ɗaya. Sai da na zauna na ga babu fatsa. Ta ce jirgin ya kife sau ɗaya a inda ruwa ke haɗuwa, filafili da riga ta tsinto suna yawo, wayar tana cikin ramin ajiya ba ta jiƙe ba, sanda kuwa ta tafi ƙasa. Ta tafi da ƙugiyar Baba.

A gaɓa ta lulluɓe ni da bargon karenta, ta ba ni shayi mai zafi daga filas. Ba ta ce ai na gaya maka ba, wannan ya fi zagi zafi. Likita ya farka ya zo yana miƙa yana tambaya ina kifin. Da ya ji abin da ya faru sai ya zauna a kan yashi ya yi ta salati.

Kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Hadiza ce ta ce, "Ka kira shi ka faɗa masa yadda aka yi. Ka riga ka gwada ɗayar hanyar." Na kira da hantsi, Balaraba ta sa masa wayar a kunne. Na faɗa masa komai, har kwanciyar da na yi, har tsohuwar da na raina. Na ce, "Baba, ƙugiyarka ta tafi. Ka yafe mini." Sai ya jefo mini tambaya.

"Ta shiga ruwan gishirin?"

"Ta shiga, Baba. Tana ƙasansa yanzu."

"To ai abin da na aike ta ke nan." Ya yi tari. "Ka ce ruwan ya juya ya koma sama?"

"Ya juya. An ce kullum sau biyu yake yi."

"Kullum? To ina yake zuwa in ya tafi?"

Ya yi ta tambaya kamar yaro, muryarsa ta ɗan dawo, ina ba shi abin da na gani da idona. Ban taɓa gaya wa Baba wani abu game da ruwa wanda bai sani ba sai ranar. Can sai ya ce, "Sale, ka gai da mai ruwan kafin ka shiga?" Na ce ban gaishe shi ba. Ya ce, "Matar nan ita ce. Ka koma ka kai mata goro."

A wani shagon 'yan Afirka da ke Stratford Road na samu goro. Asabar ta gaba na kai mata guda bakwai a cikin takarda, na rusuna na miƙa da hannu biyu, na yi mata bayanin al'adarmu da saƙon Baba. Ta karɓa da hannu biyu ita ma. Ta ɓare ɗaya ta gatsa, fuskarta ta yamutse, amma ta tauna ta haɗiye. Sannan ta ciro littafin nan mai lambobi, muka zauna a bayan motarta ta koya mini karanta shi layi-layi. Ta sa na ɗaure filafili da sabuwar sandar da na saya a jikin jirgi, na rataya waya a wuya cikin jakar roba, na sa kayan da ke tare sanyi. Ta nuna mini iskar da ke busowa daga tudu, ta ce ita ce ke kai sababbi inda ba a dawowa. Ta sa na kife jirgin da gangan kusa da gaɓa na hau, na kife na hau, har sau shida. Ranar ko fatsa ba ta bari na jefa ba.

Sai a zuwa na huɗu ta kai ni bayan wani dutse inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa, ta ba ni zare mai ƙananan ƙugiyoyi da gashin tsuntsu a jiki, ta ce in sake shi ƙasa in riƙa ɗagawa ina saukewa. Ban yi minti biyar ba sandar ta fara rawa. Na jawo, sai ga shi, bayansa kore da baƙin zane, cikinsa yana walƙiya. Na gane shi nan take. Kifin ƙanƙarar nan ne da ake sayarwa a kasuwar garinmu, wanda Baba ya hana a shigo masa da shi gida, irin wanda na yi wata goma sha ɗaya ina yanke wa kai a Manchester. Ban taɓa sanin haka yake da kyau ba idan yana da rai.

Ban jira na fita ba. Daga cikin jirgin na kira gida. Balaraba ta ce tun jiya bai ci komai ba, magana ma da ƙyar, amma ta kai masa. Na ce, "Baba, na kama. Ƙarami ne, bai kai kamu ɗaya ba." Na ji numfashinsa yana fita a wahale. Ya ce wani abu ban ji ba, Balaraba ta maimaita mini.

"Yana tambayar idonsa."

"Ki ce masa a cike yake, baƙi, yana ƙyalli. Tsaya ma, ki sa masa a kunne."

Na sauke wayar zuwa tsakanin ƙafafuwana, inda kifin yake ta bugun robar jirgin da jelarsa. Na bar ta a wurin har ya rage ƙarfi. Da na mai da ita kunnena, muryar Baba ce da kansa, siririya.

"Na ji shi. Wannan naka ne."

Kwana tara bayan haka ya rasu, ina tsakiyar ba wani tsoho shayi a wurin aiki. Takardunmu sun fito bayan an yi sadakar arba'in. Jirgin yana nan a lungu, har yanzu a karkace muke shiga kicin, kuma Hadiza ta daina tambayar inda zai kwana. Idan na shiga teku nakan bi ta wajen da ruwan ke haɗuwa in ɗan dakata da tuƙi, don a nan ƙasa ƙugiyarsa take. Ba na daɗewa, saboda littafin Gwen yana aljihuna kuma na san ƙarfe nawa ruwan zai juyo.